Awon ciki a Legas: me zan tarar ranar farko?

Amaryar Agege: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Abin da zan tambaya ba zan iya tambayar kowa ido da ido ba, shi ya sa na kawo nan. Bara aka kawo ni Agege daga Funtua. Yanzu wata biyu ke nan ban ga al'ada ba, na shiga na uku, na yi gwajin fitsari a gida ya nuna. Maigida ya ce in shirya ranar Litinin in fara awo. Ni kuwa ban taɓa shiga asibiti a garin nan ba, ba na jin Yarbanci, Turancin ma sai a hankali. Innata ta ce a waya gaggawar me ake yi, in bari ciki ya yi ƙwari ya kai wata biyar ko shida, tunda laulayi kawai nake yi. Don Allah me ake yi wa mutum a ranar farko? Kuma da gaske ne sai an tuɓe a gaban likita namiji? Wannan ne ya fi tsaya min a rai.

Maman Sadiq (Mile 12): Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya raba lafiya ƙanwata. 'Ya'yana biyar, huɗu a nan Legas na haife su, bari in faɗa miki yadda abin yake a asibitin gwamnati. Abu na farko sammako. Kina idar da sallar asuba ki kama hanya, domin lamba ake rabawa, wadda ta zo ƙarfe tara sai ta kai la'asar a kan benci. Ki karya kafin ki fita, ki riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa a jaka. Ranar farko ita ce mai tsawo, ki cire ran komawa gida da wuri.

Za a fara yanka miki kati. Daga nan a tara ku a babban ɗaki, nas ta yi muku lacca. Kada ki tsorata idan kika ji an ɓarke da waƙa da tafi, haka suke yi, waƙoƙin Yarbanci ne na addu'ar a sauka lafiya. Ni ban taɓa yi ba, zama nake ina kallo, ba wadda ta taɓa takura min. Sai a hau sikeli, a auna tsawo, a ɗaura miki abin awon jini a damtse, a ba ki ɗan kwalba ki kawo fitsari. Bayan nan ki zauna gaban nas ta yi ta tambaya: shekarunki, cikin nawa ne, kin taɓa ɓari, akwai masu hawan jini ko ciwon suga ko 'yan biyu a danginku. Tambayar da ta fi kayar da mu ita ce ranar da al'adar ƙarshe ta fara. Mu da watan Musulunci muke lissafi, su kuma kwanan watan Bature suke so. Ni ce mata na yi kwana uku bayan ƙaramar Sallah, ta tsaya tana kallona. Ki zauna tun a gida ki duba kalanda ki rubuta a takarda.

Maman 'Yan Biyu (Alaba Rago): Wallahi maganar kalandar nan gaskiya ce. Kuma ki sa riga da zani ko siket, ban da doguwar riga, don ciki kawai za ki ɗage.

Hajiya Babba (Obalende): 'Yata, ni dai maganar mahaifiyarki nake gani. Haihuwa tara na yi, bakwai a ɗaki, ban san wani awo ba sai a na takwas, kuma ga su nan duk sun girma. Cikin wata biyu a kai shi kasuwa? Mu da cikin fari ko uwar miji ba ta sani sai ya fito da kansa. Akwai kunya, akwai kuma bakin mutane. Yanzu an mayar da ciki kamar ciwo, kullum ana hanyar asibiti.

Anti Ungozoma (Idi-Araba): Hajiya barka da dare, Allah ya ƙara girma. Ki yi min izini in ɗan yi bayani, tunda aikina ne, shekara da shekaru ina ɗakin awo. Kunya tana da kyau kuma ba wanda ya ce a yi shela. Katin asibiti sirri ne tsakanin mace da ma'aikaci. Amma akwai abubuwan da idan aka bari sai wata shida, lokacinsu ya wuce.

Misali folik asid, ɗan ƙaramin ƙwayar nan. Aikinsa kare lakar bayan jariri da ƙwaƙwalwarsa daga tawaya, kuma wannan wurin a makonnin farko yake haɗuwa, tun mace ba ta ma tabbatar da cikin ba. Wadda ta fara sha a wata na shida ta sami amfanin ƙarin jini, amma wancan amfanin ya riga ya wuce ta. Haka sikanin: wanda aka yi a watanni ukun farko shi ya fi faɗin ainihin kwanakin ciki, kuma shi ke nuna ko cikin ya zauna a mahaifa ko a wajenta. Na uku, sai mun san awon jininki na asali tun da wuri, sannan idan ya hau daga baya mu gane ya hau.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shawararta zuwa ganin ma'aikacin lafiya sau 8 aƙalla, da can sau 4 ne. Na farko kafin mako 12 ya wuce, sannan mako 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Asibitoci da yawa a nan har yanzu tsohon tsari suke bi, wato duk wata har zuwa mako 28, duk mako biyu har zuwa 36, daga nan duk mako har a haihu. Ko wanne aka ba ki, ranar dawowa tana rubuce a kati. Amarya, yanzu ne daidai lokacinki. Ki je Litinin ɗin.

Amaryar Agege: Na gode Anti. To jinin da ake ɗiba fa, na mene ne? Maƙwabciyata ta ce kwalba uku aka cika da nata.

Anti Ungozoma: Kwalaben ƙanana ne, duka bai fi cokali biyu ko uku ba. Ana duba yawan jininki, shi ne za ki ga an rubuta PCV. Idan ya gaza 33 muna cewa akwai ƙarancin jini. Ana duba rukunin jini, A ne ko B ko AB ko O, da kuma ko fozitif ne ko negetif. Ana duba jinotayif, AA ko AS ko SS, saboda sikila. Sai HIV, da ciwon hanta nau'in B, da tunjere. Waɗannan ukun uwa tana iya sa wa ɗa, kuma dukansu akwai abin da ake yi a tare hanyar idan an gano da wuri. Kowace mace ake yi wa, ba don ana zarginki ba. Na faɗi haka ne don na sha ganin mata sun ɓata rai da sun ji sunan gwajin. Fitsarin kuma ana neman suga, da furotin, da alamar sanyi. Shi da awon hawan jini da sikeli duk zuwa sai an maimaita.

Ranar haihuwa kuma ga yadda muke ƙirgawa: mako 40 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. A saukaƙe, ki ƙara kwana 7 da wata 9. Wadda ta ga al'ada 10 ga Janairu, za a rubuta mata 17 ga Oktoba. Kaɗan ne ke haihuwa a ainihin ranar, daga mako 37 ciki ya isa haihuwa.

Maman Walid (Mushin): Maganar negetif ɗin nan ku riƙe ta da kyau. Ni O negetif ce, maigida fozitif. Ban sani ba sai a cikina na farko. Aka yi min bayani cewa idan jinin jariri fozitif ne ya gauraya da nawa, jikina zai ɗauke shi baƙo ya haɗa masa makami, kuma cikin gaba ne zai sha wahala, ba na farkon ba. Aka yi min allurar Anti-D a mako 28, aka sake cikin awa 72 bayan haihuwa. Tana da tsada, sai da muka yi tanadi tun da wuri. Ina da 'yar'uwa a gida da ta yi ta rasa jarirai da shawara mai tsanani, ana ta cewa wabi take yi, ana ta neman taimako. Da na ji bayanin nan na roƙe ta ta gwada jininta, ita ma negetif ce. Har yau idan na tuna sai na ji hawaye.

Hajiya Babba: Allah sarki. Allah ya ba ta masu albarka. Ban ce asibiti ba shi da amfani ba. Abin da nake gudu shi ne da ka fara zuwa sai su fara tsorata ka, ƙarshe a ce sai an yi aiki. Yaran yanzu rabinsu duk yanka su ake yi.

Ummu Hanan (Sabo, Ikorodu): Hajiya ki yi haƙuri in ba da labarina, don ni ma da irin wannan tunanin nake. Cikina na biyu na fara awo lafiya, sai damina ta shigo. Kun san titin Ikorodu idan ruwa ya sauka. Na tsallake zuwa biyu, na ce ai lafiyata ƙalau. Ƙafata ta kumbura, silifas ya daina shiga, zoben hannuna ya ƙi fita ko da sabulu. Matan gidanmu suka ce alamar ɗa namiji ne, wata ta kawo min agbo, jiƙon gargajiya na Yarbawa, a gora ta ce yana sauke kumburi. Sai ciwon kai ya fara, irin wanda Panadol ba ya taɓawa, idan na miƙe in riƙa ganin wasu ƙyalli-ƙyalli kamar taurari.

Ranar da na daure na je, nas ta ɗaura abin awo ta matsa, ta kalli agogon, ta kwance ta ɗaura a ɗaya hannun. Ba ta ce min komai ba, ta kira wata. 170 bisa 110. Ta tsoma ɗan tsinken takarda a fitsarina, ina kallo ya rikiɗe ya koma kore. Ta ce Madam, yau ba za ki koma gida ba. Na ce na bar yarinya wurin maƙwabta, na bar wake a jiƙe. Ta ce a kira mijinki. Aka yi min wata allura a ɗuwawu, jikina ya ɗau zafi kamar an watsa min ruwan ɗumi, suka ce ta hana jijjiga ce. Bayan kwana huɗu aka yi min aiki a mako 35. Yaron kilo biyu, tafin ƙafarsa bai kai babban yatsana ba. Yanzu yana aji biyu a firamare.

Hajiya, ba su tsorata ni ba. Ni ce ban san ina bakin rami ba. A gadon da ke kusa da nawa an kawo wata daga gida tana jijjiga, ta tauna harshenta, ba ta taɓa zuwa awo ba. Ita ta tashi, ɗan bai zo da rai ba.

Maman Sadiq: Innalillahi. Jikina ya yi sanyi.

Anti Ungozoma: Ummu Hanan Allah ya saka da alheri da kika faɗa. Wannan ciwon, wato hawan jinin masu ciki mai iya kai wa ga jijjiga, bayan mako 20 yake zuwa, ya fi kama masu cikin fari, da masu 'yan biyu, da masu hawan jini tun asali. Mugun halinsa shi ne mace tana iya yawo da shi ba ta jin komai. Lambar da nake so kowa ta haddace ita ce 140 bisa 90. Idan an auna ki, ki tambaya nawa ne, kada ki tashi ba ki ji ba. Haƙƙinki ne. Ɗan kumburin ƙafa da yamma ba komai ba ne, amma na fuska da hannu, da ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da ciwo a saman ciki ta dama, ba a jiran ranar awo. Haka zubar jini ko kaɗan ne, da fashewar faya kafin lokaci, da zazzaɓi, da raguwar motsin jariri. Ko tsakar dare ne a tafi. Lambar gaggawa a Legas 767 ce ko 112.

Hajiya Babba: To na ji, kuma na karɓa a kan hawan jini. Amma ba ku amsa wa yarinya maganar likita namiji ba. A nan nake nan daram. Jikina ba wani namiji da ya taɓa gani a haihuwa tara.

Anti Ungozoma: Hajiya tambayar tana kan hanya. A cibiyoyin lafiya na unguwa kusan duk mata ne ke awo. Abin da ake yi a gadon awo kuma ciki kawai ake buɗewa, a lulluɓe sauran jiki. A sa tef irin na tela daga ƙashin mara zuwa saman ciki, daga mako 24 santimita tana tafiya kusan daidai da makonni. A lalluba a ji kwanciyar ɗa, a sa ɗan kakaki ko na'ura a saurari bugun zuciyarsa, wanda yake tsakanin 110 da 160 a minti. Duba ta ƙasa ba duk zuwa ake yi ba, sai da dalili. A manyan asibitoci kamar LUTH da ke nan Idi-Araba ko Ayinke House na LASUTH a Ikeja, likitoci maza da mata ne, kuma da yake asibitocin koyarwa ne akwai ɗalibai. Kina iya roƙon a haɗa ki da mace, kina iya cewa ba kya son ɗalibai su tsaya, kuma duk namijin da zai duba ki sai da nas mace a wurin. Abin da ba zan yi miki alkawari ba shi ne ranar gaggawa. Wanda ke bakin aiki shi zai taimake ki.

Malama Zainabu (Ojo): Kuma malamai sun yi bayani, a nemi mace tukuna, idan babu to lalura tana halatta namiji gwargwadon buƙata. Kada mace ta zauna da ciwo a gida saboda wannan.

Maman 'Yan Biyu: Ni abin da ya ɓata min rai daban ne. A wani asibiti da na fara zuwa, cewa aka yi ba za a ci gaba da ganina ba sai maigida ya zo ya ba da jini leda ɗaya. Shi kuma direban tirela ne, yana hanyar Maiduguri. Sati uku ina yawo da kati a hannu, ƙarshe na canza wuri.

Malama Zainabu: A 2020 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP ta shigar, cewa tilasta wa miji ba da jini kafin a duba matarsa mai ciki ya saɓa wa doka. Don haka idan an ce miki dole ne, ki nemi ganin babbar nas cikin ladabi ki yi magana.

Anti Ungozoma: Haka ne, tilas ba daidai ba ne, kuma bai kamata a mayar da mai ciki gida a kan wannan ba. Amma ina roƙonku ku lallaɓa mazajenku su bayar don Allah. Zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba a abubuwan da ke kashe mata, kuma yana iya gamawa da mutum cikin awa biyu. Na taɓa tsayawa a kan mace jini yana zuba, ana ta buga waya ana neman leda ɗaya. Jinin da ya cece ta na mijin wata ne da ba ta taɓa gani ba.

Amaryar Agege: Zan faɗa masa, ina ganin ba zai ƙi ba. Kuɗi fa, kamar nawa zan riƙe?

Maman Sadiq: Ya danganta da wuri, na kuɗi da na gwamnati ba ɗaya ba ne, kuma farashi yana canzawa. A 2023 bayan cire tallafin mai gwamnatin jiha ta sanar da awo da haihuwa kyauta a manyan asibitocinta. Akwai kuma inshorar jiha, Ilera Eko. Maigida ya leƙa wurin yankan kati kafin Litinin ya tambayi abin da ake ciki yanzu, kuma duk da haka ki riƙe wani abu saboda sikanin da magani. Kusa da ku akwai babban asibitin Orile-Agege da na Ifako-Ijaiye. Shawarata ki zaɓi inda za ki iya isa da dare ba tare da kin hau babban titi ba. Naƙuda ba ta san gosulo ba.

Maman Walid: Anti don Allah ki yi maganar Fansidar, maganin maleriyar nan da ake bayarwa a wurin awo. Mata da yawa a layinmu karɓa suke su ɓoye a bakin zani su zubar, wai yana zubar da ciki.

Anti Ungozoma: Shi ya sa muke cewa a haɗiye a gabanmu. Ƙwaya uku ne lokaci ɗaya. Ba a bayarwa a watanni ukun farko, sai daga mako 13, sannan duk bayan wata guda, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ba ya zubar da ciki. Maleriya ce ke zubarwa. Ƙwayoyin cutar suna taruwa a mabiyiya, mace ba ta jin zazzaɓi, amma jininta yana ƙonewa, ɗa kuma ya zo ƙarami. Ga saurayen Legas kun san su, a kwana cikin gidan sauro. Wadda Septrin ke yi wa ƙaiƙayi ko ƙuraje, ko take shan sa kullum, ta faɗa kafin a ba ta. Sai allurar rigakafin sarƙewar haƙora, biyu ce ga mai cikin fari da tazarar mako huɗu, ta biyun aƙalla mako biyu kafin haihuwa, don ta kare jariri ta wajen cibiya. Jan maganin ƙarin jini kuma yana sa bayan gida ya yi baƙi, ba matsala ba ce. Kada a kora shi da shayi, shayi yana hana jiki ɗaukar sa. A sha da ruwa ko a bi shi da lemon zaƙi.

Hajiya Babba: 'Yata, gida za a mayar da ke haihuwa ko? Cikin fari ai a gaban uwa ake yi.

Amaryar Agege: E Hajiya, Inna ta ce in taho a wata na takwas.

Maman 'Yan Biyu: Kai, wata takwas a motar Funtua? Ni na yi wannan tafiyar zuwa Sakkwato da tsohon ciki, kwana muka yi a hanya, na sauka ƙafafuna kamar turmi. Idan za ki tafi ki tafi da wuri, a farkon na bakwai.

Anti Ungozoma: Ki gaya wa mai duba ki tun yanzu cewa ba a nan za ki haihu ba, ta ba ki shawarar lokacin tafiya gwargwadon yadda cikin yake. Ki tafi da katinki da duk takardun gwaji da hoton sikanin, kina isa ki yi rajista a asibitin can cikin satin. A hanya duk inda aka tsaya ki sauka ki taka, ki sha ruwa.

Amaryar Agege: Assalamu alaikum, na dawo daga awo. Na fita shida saura, na sami lamba 14, na dawo gida bayan azahar. Mace ce ta duba ni, kuma na haɗu da wata 'yar Zariya a layi ta riƙa fassara min. Na tambayi awon jinina kamar yadda Anti ta ce, 110 bisa 70. Sikanin ya nuna mako 11, na ga wani ɗan abu yana ɓal-ɓal a allon, matar ta ce zuciyarsa ce. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Sai dai PCV ɗina 30 ne, an ba ni jan magani da folik asid, an ce in dawo bayan sati huɗu. Jinotayif ɗina AS, nas ta ce in turo maigida shi ma a gwada shi, domin kafin aure a wani ƙaramin wuri aka yi masa, takardar ma ta ɓata.

Hajiya Babba: Alhamdulillah. Jinin nan kuwa ki dage da zogale da alayyahu da hanta da wake, a kasuwar Agege duk akwai. Ki kira mahaifiyarki ki gaya mata kin ga bugun zuciyar, za ta yi murna.

Anti Ungozoma: Hajiya ta faɗi daidai, sai dai hanta kaɗan-kaɗan, ba kullum ba, kuma abincin ba zai maye gurbin maganin ba, a haɗa duka biyun. 30 ba abin tayar da hankali ba ne a yanzu, za a sake gwadawa a ga ko ya hau. Idan maganin yana tayar miki da zuciya saboda laulayi, ki mayar da shi dare bayan kin ci abinci. Gwajin maigida kuma kada ya wuce satin nan, a yi shi a asibitin da kike awo. Idan sakamakon ya fito ki yi min magana ta gefe.